Yadda Ake Kai Ƙananan Yara Kallon Magangarar Ruwa Daga Jos

Garin Jos yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma duk ruwan da damina ta zuba a wannan tudu sai ya nemi hanyar sauka. A nan kogin Kaduna da kogin Gongola suka samo asali, a nan kuma ƙananan rafuka masu yawa suke ratsa duwatsu har su iso bakin tsauni su zuba ƙasa. Shi ya sa iyalin da ke zaune a Jos ko Bukuru ba sa buƙatar tafiyar kwana kafin su ga magangarar ruwa. Akwai Assop a hanyar Abuja, akwai Kurra a yankin Barikin Ladi, akwai Matsirga kusa da Kafanchan, ga kuma Farin Ruwa a jihar Nasarawa, wadda ita ma daga tudun nan namu ruwanta yake gangarowa. Yaron da ya tashi bai san ruwa ba sai na famfo da na rijiya, ranar da ya tsaya gaban ruwa mai faɗowa daga dutse, ya ji rugugin a ƙirjinsa, feshin ya jiƙa masa fuska, zai daɗe yana yi wa iyayensa tambayoyi a kai, kuma ina ganin ya cancanci a ba shi wannan dama.

Sai dai tafiya da yara 'yan ƙasa da shekara bakwai tana da ƙa'ida guda wadda sauran shawarwari duka suke rataye a kanta, wato mafi ƙanƙanta a cikin motar shi ne ma'aunin tafiyar. Da ƙafarsa za a auna nisan da za a taka, da yunwarsa da barcinsa za a tsara lokaci, kuma saboda shi za a zaɓi wata da wuri. Idan maigida ya tsara tafiyar bisa ƙarfinsa ko bisa hoton da yake son ɗauka, yaran ne za su biya kuɗin wannan zaɓi da kuka da gajiya, wani lokaci ma da abin da ya fi haka muni.

Zaɓen lokaci da wuri

Lokacin da magangarar ruwa ta fi kyau a ido shi ne lokacin da ta fi haɗari ga yaro. Damina a Jos takan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma a waɗannan watanni ruwa yakan cika, ya yi ja, ya rufe duwatsun da ake zama a kansu, hanyoyin ƙafa kuma su zama laka. Hotunan da mutane suke yaɗawa a Facebook har su sa wa iyali sha'awar zuwa galibi na wannan lokaci ne. Mai ƙananan yara ya haƙura da marka, ya jira daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan ya ja baya ya yi garau, duwatsun bakin rafi suka bushe, hadari kuma ya ɗauke. A Nuwamba da farkon Disamba ruwan bai ragu sosai ba kuma ciyayi ba su gama bushewa ba, don haka ni a ganina nan ne daidai. Watan Maris da Afrilu suna da nasu matsala, domin da zarar an sauka daga tudu zafin bazara yake tarar mutum, kuma ruwan farko yakan zo da iska da tsawa ba tare da dogon gargaɗi ba.

Ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara ma a kauce musu in da hali. A irin waɗannan ranaku matasa sukan cika wuraren nan da kiɗa da guje-guje, wani lokaci a bar fasassun kwalabe a tsakanin duwatsu, kuma cikin cunkoso ne ido ya fi saurin ɗaukewa daga kan yaro. Asabar ta yau da kullum, ko wata rana a tsakiyar mako lokacin hutun makaranta, ta fi kwanciyar hankali.

Ga wanda zai fara, Assop ce ta fi dacewa. Tana da nisan kimanin kilomita 64 daga Jos, a ƙaramar hukumar Riyom, wajen gangaren Hawan Kibo, kuma ba ta da nisa da bakin titi, saboda haka yaro ɗan shekara uku ko huɗu zai iya taka yawancin hanyar da ƙafarsa. Akwai itatuwa masu inuwa a gefen rafin, ana iya zuwa da hantsi a dawo gida kafin la'asar. Kurra tana da nisan kusan kilomita 77, kuma wuri ne mai tarihi, domin a nan kamfanin NESCO, wanda ya fara aiki a 1929, ya kafa tashar samar da wutar lantarki daga ruwa saboda masu haƙar kuza. Tun da wurin aiki ne na kamfani, a nemi izini kafin a shiga, a kuma tuna cewa tafkunan da aka datse a wurin suna da zurfi. Ta fi dacewa da yaran da suka shiga firamare, waɗanda za a iya yi wa bayanin yadda ruwa yake juya inji ya ba da wuta.

Farin Ruwa, a ƙaramar hukumar Wamba, ita ce mafi girma a cikinsu, domin ruwan yana faɗowa ne daga tsayin kimanin mita 150. Duk da haka ba na ba mai goyo ko mai ɗan shekara huɗu shawarar zuwa. Tafiyar mota tana da tsawo, ƙarshen hanyar yana wahalar da ƙaramar mota, sannan akwai tafiyar ƙasa mai ɗan nisa da hawa da gangara kafin a isa gindin ruwan. A ajiye ta har sai autan gida ya kai shekara tara ko goma. Ita kuwa Gurara, a jihar Neja, ta yi wa Jos nisa a ce za a je a dawo rana ɗaya. Ta dace da iyalin da suka je Abuja hutu wajen dangi: a bi ta Zuba, a wuce dutsen Zuma wanda yara suka saba gani a jikin takardar naira 100, a wuce Suleja a ɗauki hanyar Minna. Tsayinta kimanin mita 30 ne, amma in ta cika faɗinta yakan kai mita 200, kuma ana iya kallonta daga sama ba sai an gangara da yara cikin duwatsu ba.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. Yankunan karkarar Riyom da Barikin Ladi da kudancin Kaduna sun sha fama da tashin hankali, kuma yanayi yakan canja cikin mako guda. Kwana ɗaya kafin tafiya, maigida ya leƙa tasha ya tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum, ya kuma kira wani da ya sani a yankin in yana da shi. Idan amsar da ya samu tana da ƙila-wa-ƙala, a ɗage tafiyar, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. A sanar da wani ɗan'uwa a gida inda za a je da lokacin da ake sa ran dawowa, kuma in za a samu iyali biyu a motoci biyu, ya fi.

Shirin gida da na mota

Mako ɗaya ko biyu kafin ranar, yana da kyau a gwada ƙafar yaran. A kai su gandun namun daji na Jos, ko kuma a zaga da su unguwa ta inda akwai duwatsu, a bar su su taka da takalman da za su sa ranar tafiyar. A nan uwa za ta ga wanda takalminsa ke cizonsa, uba kuma ya ga bayan minti nawa ƙaramin zai ɗaga hannu ya ce, "Baba, ɗauke ni." Wannan lokacin da ya gani shi ne gaskiyar nisan da za a iya takawa, kuma a cikin duwatsu sai an rage shi.

Takalmi shi ne kayan da ya fi kowanne muhimmanci. Silifas ba su da amfani a bakin ruwa, suna zamewa, suna tsinkewa, kuma in ruwa ya ɗauke ɗaya yaro zai bi shi da gudu ba tare da tunani ba. A sa wa kowa kambas ko sandal mai maɗauri a diddige, wanda ƙasansa bai cinye ba, har da iyayen. Uwa ta sa dogon wando a ƙarƙashin tufarta, ta zaɓi hijabin da bai kai ƙasa ba, domin dogon hijabi ko abaya yakan rufe mata inda za ta sa ƙafa. Uba ma ya bar jallabiya da doguwar riga a gida. Yara su sa riga mai dogon hannu mara nauyi saboda rana da ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, waɗanda cizonsu ke sa ƙaiƙayi. Kowane yaro a ɗaukar masa cikakken canjin kaya a leda daban, da tawul, da rigar sanyi. Da safiyar hunturu za a bar Jos ana rawar ɗari, a gindin Hawan Kibo a cire rigunan sanyi saboda ɗumi, sannan bayan yara sun jiƙe iska ta buge su a sake neman rigunan.

Abinci a zaɓi wanda ba ya saurin lalacewa kuma ba ya buƙatar cokali: dafaffen ƙwai, soyayyen dankali, biredi, ayaba, lemo, dabino, dambun nama. Kunun aya da fura da nono ba sa jure zafin mota sai da ƙanƙara a kula. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri kada a ba ɗan ƙasa da shekara huɗu, balle a cikin mota tana tafiya, saboda shaƙewa. Ruwan sha a ɗauko daga gida fiye da yadda ake zaton za a sha, a ƙara da jarka guda ta wanke hannu da alwala, da sabulu da buta da darduma. A ƙaramar jaka kuma a zuba filasta, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol na yara, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti wanda ake jiƙawa idan gudawa ta kama yaro. Wanda bai samu ba zai iya haɗawa da kansa: ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Kuɗin shiga da na ɗan rakiya a riƙe su a hannu, canji ƙanana, domin sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin kwari.

Motar kuma a kai ta wajen bakanike kafin ranar, ya duba birki da man birki da tayoyi da ruwan lagireto, a tabbatar safaya tana da iska kuma jak yana cikin but. A sha mai a Jos ko Bukuru. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 wurinsu kujerar baya ne, kamar yadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa take gargaɗi, kowa da bel ɗinsa, ƙarami kuma a kujerar yara in akwai. Ɗora yaro a cinya a gaban mota al'ada ce da muka saba da ita, amma in aka taka birki da ƙarfi babu hannun da zai iya riƙe shi. A kulle ƙofofin baya da makullin yara, a ajiye lambar hukumar, 122, da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a cikin waya.

A lokacin hazo kada a fita da duku-duku. A bari rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 8, yara sun karya da abu mara maiƙo. Daga Bukuru za a kai Mararrabar Jama'a a ɗauki hanyar Riyom, inda za a iya nuna wa yara duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su. Daga nan sai Hawan Kibo, wanda duk direban Jos ya san sunansa saboda yawan haɗurran da ake yi a wurin, musamman na tireloli da tankokin da birki ya ƙwace musu. A sa mota a ƙaramar giya tun daga sama, a bar inji ya riƙe ta, kada a ɗora ƙafa a kan birki tun daga farko har ƙarshe domin yakan yi zafi ya daina kamawa. Kada a wuce wata mota a kan kwana, kada a daɗe a gaban babbar mota mai kaya, kuma kada a tsaya a gefen gangaren don ɗaukar hoto ko sayayya. A wannan gangare ne kunnen yara yakan toshe, jariri ya fashe da kuka ba a san dalili ba. A ba shi nono, manyan kuma a ba su ruwa su kurɓa, haɗiya tana buɗe kunnen. Yaron da mota ke sa wa jiri a karɓe wayar hannunsa, a sauke gilashi kaɗan, a ce ya dubi nesa, leda kuma ta kasance kusa.

A bakin ruwa

Idan an isa, a shigar da mota ciki nesa da titi, kuma ko yaro yana barci kada a bar shi a mota a rufe. Kafin a sauke kaya, maigida ya je ya gaisa da mutanen wurin, masu karɓar kuɗin shiga ko wani dattijo da ya tarar. Gaisuwar tana da amfani fiye da ladabi kawai. Bayan "Sannu da hutawa, Baba, mun same ku lafiya?" sai ya ce, "Da ƙananan yara muka zo. Ina ne ya fi dacewa mu zauna, ina ne kuma ba a zuwa? An yi ruwa a sama kwanan nan?" Mutanen da suka tashi a bakin rafin sun san ramin da ke ƙarƙashin kowane dutse, sun san inda aka taɓa rasa rai, kuma in akwai wurin da al'adarsu ta keɓe za su faɗa. A ɗauki ɗan rakiya daga cikinsu a sallame shi da mutunci, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Kafin a fara takawa a raba yaran. Duk yaron da bai kai shekara shida ba a damƙa shi ga babban mutum guda, a faɗa da baki kowa ya ji. Yarinya 'yar shekara goma, komai hankalinta, ba ta cikin lissafin manya. Ita ma kallon ruwan ta zo yi, kuma zalunci ne a ɗora mata ran ƙaninta. Idan manya biyu ne kawai kuma ƙananan yara uku, a nemi gwaggo ko kawu ya biyo ku, ko a bar jaririn wajen kaka. Mafi yawan abin da ke faruwa a irin wannan wuri yana faruwa ne lokacin da manya suke da yawa kuma kowa yana zaton ɗaya yana kallo. Don haka duk wanda zai saki yaronsa, ko don sallah ko don zuba abinci ko don amsa waya, sai ya miƙa shi a fili: "Maman yara, ga shi nan a hannunki." Ita kuma ta amsa, "Na karɓa." In ba a ji amsar ba, yaron yana nan a wuyan mai shi. Mai ɗaukar hoto kuma ba ya riƙe da kowa a wannan lokacin, domin wanda idonsa ke kan waya yana ja da baya don ruwan ya fito a hoto ba ya ganin ko ƙafarsa.

A kan hanya babba ɗaya ya shige gaba, ɗaya ya tsaya a baya, yara a tsakiya, babu mai wuce na gaba. A riƙe yaro a wuyan hannu, domin 'yan yatsu masu gumi suna suɓucewa, kuma a sa shi ta ɓangaren da ba ya fuskantar rami. Inda gangara ta yi tsaye, babba ya fara sauka ya juyo ya karɓi yaran ɗaya bayan ɗaya, ko a koya musu su zauna su sauka da mazaunai. Wando zai yi datti, wannan ba komai ba ne. Goyo a baya da zani da majanyi a ɗaure tamau ya fi kowace irin ɗauka a nan, saboda yana barin hannayen uwa biyu a sake. Ɗora yaro a wuya kuwa, wanda iyaye maza suke so, shi ne mafi haɗari, domin in uban ya zame daga can sama yaron zai faɗo. A hana yara zura hannu cikin ramuka da ƙarƙashin duwatsu ko shiga ciyawa, saboda maciji da kunama. A tsaya hutu tun kafin su nema, a ba su ruwa, a bar su su tsinci tsakuwa su kalli ƙadangare da malam-buɗe-littafi, domin a wajen ɗan shekara uku waɗannan ma suna cikin abin da aka zo gani.

Wurin zama a zaɓe shi a kan busasshen dutse ko yashi mai faɗi, a ƙasan magangarar kuma nesa da ita, inda akwai hanyar hawa tudu da sauri. Saman magangara, inda ruwa yake tahowa kafin ya zuba, ba wurin yara ba ne ko da rani, ko da ruwan bai wuce idon sawu ba. Dutsen da ruwa ke bi a kansa yana da gansakuka, wani lokaci ba a ma ganinta, kuma santsinta kamar na miyar kuɓewa ne a kan tayil. Duk dutsen da ya yi duhu ko yake sheƙi a ɗauka yana da santsi. Gurbin da ruwan ke faɗawa a ciki shi ma a nisance shi. Shekaru da yawa ruwa yana haƙarsa, ya fi yadda ake zato zurfi, ruwan yana juyawa yana jan abu ƙasa, kuma kumfar da ta cika shi ba ta ɗaukar jikin mutum kamar ruwa mai kwanciya, shi ya sa gwanayen iyo ma suke halaka a irinsa. Mu mutanen Jos mun san abin da kududdufan haƙar kuza suka yi wa gidaje da yawa, kuma irin tsoron da muke koya wa 'ya'yanmu game da su shi ya kamata mu zo da shi nan.

A ja wa yara iyaka da abin da ido ke gani. "Kada ku yi nisa" ba ta da ma'ana a kunnen ƙaramin yaro, amma "Kun ga wannan jan tawul ɗin da na shimfiɗa? Babu mai wuce shi sai hannunsa na cikin nawa" magana ce da zai gane. In za a bar su su taɓa ruwa, a nemi gefe mai yashi inda bai kai gwiwar yaron ba kuma ana ganin ƙasa, babban da ke kula da shi ya tsaya ta ɓangaren da ruwan ke gangarawa, kusa yadda in ya miƙa hannu zai kama shi. Nutsewar yaro ba ta da ihu. Ba ya iya kira, ba ya ɗaga hannu, ruwa kaɗan ya isa in ya faɗi rubda ciki, ga kuma ƙarar magangara ta rufe kunnen kowa. Ido da kusanci ne kawai suke aiki.

Ruwa yana iya ƙaruwa alhali rana tana haskawa a inda kuke, domin ruwan saman da aka yi a kan tudu mai nisa ta wannan rafin zai biyo. Inda kuma akwai madatsa a sama, kamar Kurra, ko Gurara wadda aka datse a jihar Kaduna ake tura wa Abuja ruwa daga gare ta, yawan ruwan yana iya canjawa ko ba a yi ruwan sama ba. Da zarar kun zauna, ku sa ido a kan wani dutse da ke bakin ruwan ya zama muku alama. In ruwa ya fara hawansa, ko launin ruwan ya juya zuwa ja, ko ganyaye da karare suka fara tahowa, ko ƙarar ta ƙaru, a ɗauki yara a hau tudu nan take, a bar tabarma da kuloli. Haka nan in an ji tsawa, a fita daga ruwa, kada a fake a gindin doguwar bishiya, a koma cikin mota.

Ruwan rafi komai haskensa ba na sha ba ne, domin ya ratso ƙauyuka da gonaki da mashayar dabbobi kafin ya iso. Gefen da ruwa ya kwanta, mai ciyayi da ƙananan katantanwa, nan ne ake ɗaukar tsargiya, kuma ta fata ƙwayar cutar take shiga, ba sai an sha ba. A hana yara wasa a irin wannan wuri, a tsane musu jiki da tawul da zarar sun fito, a canja musu kaya. Mai jin fitsari ko bayan gida a kai shi nesa da rafi a rufe da ƙasa, famfas da ledoji da robobi kuma a tattara su a koma da su gida, saboda akwai mutanen da ke ɗiban wannan ruwa a ƙasa.

Idan tsautsayi ya gitta yaro ya faɗa inda ya fi ƙarfin tsayuwa, wanda bai iya iyo ba kada ya yi tsalle ya bi shi. A yi ihu a kira mutanen wurin, a miƙa sanda ko zani ko a jefa jarka mara komai a rufe. In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a kan wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a fara hura masa iska a baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, wani kuma yana neman taimako. Juya yaro kai ƙasa ko matsa masa ciki don ruwa ya fito ɓata lokaci ne. Wannan aiki da hannu ake koyonsa, kuma ƙungiyar Red Cross tana koyar da agajin farko, ya kamata ko mutum ɗaya a kowane gida ya koya. Duk yaron da ya nutse, ko da ya farfaɗo yana wasa, a kai shi asibiti a ranar, haka ma wanda ya bugu a kai ya yi amai ko barci ya rinjaye shi. Saran maciji kuma ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire abin hannu ko takalmi, a hana yaron motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, daga can in da buƙata a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Sa'a biyu a bakin ruwa sun ishi ƙananan yara. A tashi tun suna cikin nishaɗi, domin yaron da ya gaji shi ne yake tuntuɓe, kuma hanyar komowa hawa ce. A yi azahar a kama hanya, yadda za a hau Hawan Kibo da sauran rana a shiga gari kafin magariba, wadda a hunturu takan yi da wuri. Direba ya ci abinci ya huta kafin ya tayar da mota, kuma wanda ke gefensa kada ya yi barci ko da duk na baya sun yi.

A gida a yi wa yara wanka da sabulu, a duba tsakanin yatsun ƙafa da bayan kunne da hammata ko kaska ta maƙale, a wanke duk wata ƙujewa a sa magani. Zazzaɓin da ya taso cikin mako biyu a kai shi asibiti a yi gwajin maleriya, gudawa a fara da ruwan gishiri da sukari kafin a isa wajen likita. Tsargiya kuwa takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta bayyana, don haka in aka ga jini a ƙarshen fitsarin yaro, a gaya wa likita cewa ya shiga rafi da kuma watan da ya shiga, domin akwai maganin praziquantel da ke kashe ta in aka ba da shi daidai da nauyin yaron.